Bangon Kicin a Valparaíso

Shekara talatin Eliana tana yanka albasa
a bayan bangon nan,
dariyar baƙi tana iso mata
kamar ƙamshin miyar maƙwabta.

Da magini ya zo ta ce a rushe.
Nibaldo ya dafa bangon:
"Hoton jirgin ruwan babana fa?
Da hannunsa ya kafa ƙusar."

Kwana tara ba sa ga maciji.
Magini ya sha shayi, ya tafi, ya dawo.

Aka fasa taga, kamu uku,
ƙasa da ƙusar kaɗan.

Yanzu daga murhu tana hango teku,
shi kuwa daga kujerarsa
tulin kwanuka yake hangowa.
Jiya ya miƙe, ba wanda ya kira shi,
ya ce, "Ina kike ajiye soso?"