Motar da Ba Ta Tsayawa a Ƙofarsu

Sau ɗaya a shekara nake zuwa gidan Friesen,
can ƙuryar Saskacewan, inda gonar alkama ke gajiyar da ido.
Jaka a kafaɗa, jan biro a aljihu,
na zo awon abin da uwa ta zuba wa 'ya'yanta.

Ajinsu teburin cin abinci ne.
Taswirar duniya na manne a jikin firji,
maiƙon man shanu ya cinye rabin Indiya.
Marlis ta ture kwanon kwaɓin burodi gefe,
ta goge hannu a gefen riga,
ta ce, "Ga su nan. Kar ki raga musu."

Tobiah, shekara tara,
ya raba min buhu ɗari da arba'in gida bakwai
kafin in cire murfin biro.
Ya san daren da saniya za ta haihu,
ya san abin da ya hana ƙanƙara nitsewa a ruwa.
Amma rubutun hannunsa
kamar kaza ta taka tawada ta bi takarda.
Uwar ta sunkuyar da kai: "Nawa ma haka yake."
Ludayi dai ba ya ɗebo abin da babu a tukunya.

Annelise, sha uku,
ta karance littattafan gidan kaf,
har da na gyaran tarakta.
Da lemo ɗaya da tocila ta kama min wata a kan bango.
Sai na tuna ajin da na baro a birni,
yara talatin da biyu,
da wani yaro a bencin baya
da ya shekara ban riƙe sunansa ba.
A nan babu bencin baya.
Babu wanda za a manta da shi,
babu kuma inda mutum zai ɓuya.

Uku da rabi, motar makaranta mai ruwan ɗorawa
ta ratsa dusar ƙanƙara a babban titi,
fuskoki manne da gilashi.
Ba ta rage gudu ba.
Annelise ta bar zancenta a rataye,
lemon na hannunta.

Ita ta rako ni bakin mota, ba rigar sanyi.
"Malama, in ƙawaye suka ɓata,
wa ke fara yin magana?"
Na buɗe baki, iska ta riga ni.

Takardar hukuma gurbi biyu gare ta:
Shin yaran na samun ingantaccen ilimi?
E, ko a'a.
Na ɗora ta a kan sitiyari, na zaɓi E,
kuma ban yi ƙarya ba.

Na juya takardar ina neman
inda zan ajiye tambayar yarinyar.
Bayanta fari fat,
kamar filin da ke tsakanin gidansu da titi.

A madubi na ga Marlis ta fito da bargo,
ta yafa mata,
su biyun suna kallon hanya.