Bayanin Wuƙa

Ƙarfe huɗu na yamma a Tallinn, duhu ya riga ya zauna.
Tarago ya wuce ƙarƙashin taga, yana tsaga ƙanƙara.
Sunana Leelo. Sana'ata rubuta bayanin kayan aiki,
yau kuwa wuƙa aka ajiye mini a tebur,
aka ce: gabatar da ita.

Sunanta kalma biyu ne da ɗigo a tsakani.
Ka miƙa mata sunan rumbun bayanai,
ta share shi daga gajimare kafin shayinka ya huce.
Ba hayaƙi, ba toka,
ba ko ƙurar da za a ce nan ne gidan yake.

Mai karatuna ba mutum ba ne.
Wakili ne na na'ura, ba ya barci, ba ya hamma,
ba shi da kakar da ta taɓa ce masa: ɗana, bi a hankali.
Abin da na rubuta shi ne duk tarbiyyarsa.
In na ce share, zai share.
In na manta ban ce dakata ba,
babu wanda zai ce masa.

A watan jiya wani ya rubuta: kawar da tsofaffin rumbuna.
Bai faɗi mene ne tsufa ba.
Wakilin ya duba kwanan wata, ya yi aikinsa tsaf,
har ya bar rahoto mai ladabi.
Da safe likitan dabbobi daga Pärnu ya kira,
Aivar Põldma, muryarsa a dushe:
shekara goma sha ɗaya na allurar karnuka,
da sunan kyanwar wata gwauruwa
wadda ba ta jure wani irin magani,
wanne ne, ya ce, ba na iya tunawa.
An samo kwafi, amma na bazara.
Kaka da hunturu sun tafi.

Shi ya sa na zauna ina auna kalma kamar mai awon zinariya.
Na rubuta: wannan aiki ba ya komawa.
Na goge. Ya yi sanyi.
Na rubuta: magana zarar bunu ce.
Na yi dariya ni kaɗai, na'ura ba ta san bunu ba.
Na rubuta: kafin ka kira wannan umarni,
faɗi cikakken sunan rumbun,
faɗi mai shi,
duba yaushe aka taɓa shi a ƙarshe,
tabbatar akwai kwafi, kuma kwafin yana buɗuwa.
Idan ɗaya ya gagara, tsaya. Nemi mutum.
Shirun mutum ba izini ba ne.

Priit ya leƙo, hularsa jiƙe da dusar ƙanƙara.
Ya karanta a tsaye, ya ce: ya yi tsawo,
masu saye gudu suke biya, ba tambaya ba.
Na ce: gudun ne ya kai mu Pärnu.
Muka ja, muka sassauta.
Ya cire layi biyu, na hana shi na uku.
Ya yarda da kwana bakwai na jira
kafin abin da aka share ya tafi har abada.
Kwana bakwai, Aivar. Da sun ishe ka.

Yanzu ofis ya watse, injin ɗumama ɗaki na tari.
Akwai tsohon daftari a gefen allo,
wanda ya ce kawar da tsofaffi, bai ƙara komai ba.
Na ja shi zuwa kwandon shara.
Kwamfuta ta tambaye ni: kin tabbata?
Na tabbata.
Duk da haka yatsana ya tsaya a sama,
na daƙiƙa ɗaya, ko biyu,
kuma wannan tsayawar ce
nake ta neman yadda zan rubuta tun safe.