Numfashin Hammadikko

Ni ba a jin muryata.
Ɗakina ƙarami ne a bayan gilashi,
a gidan rediyo, nan Gombe, hawa na biyu,
inda fanka ke juyi ba ta kawo iska.
'Yan wasa uku na gaban makirufo,
takarda a hannu, shayi ya huce a kofi,
ni kuwa yatsana na kan maɓalli
ina jiran inda magana za ta gaza.

Don magana tana gazawa.
Talatuwa ta ce, "Ya tafi."
Kalma biyu, busassu kamar ƙanzo.
In na bar su haka, sanarwa ce kawai,
irin wadda ake karantawa bayan labaran ƙarfe bakwai.
Sai in ɗago sarewa a hankali daga ƙarƙashinsu,
kamar mai zuba ruwa a gindin shuka,
sai ga "ya tafi" ta yi nauyi,
ta sami ƙofa, ta sami takalmi a bakin ƙofar,
ta sami tabarmar da ba a naɗe ba.

Kalangu nake sa wa mai bin bashi in ya doso,
kafin ya yi sallama an fara dariya a zaure.
Gurmi na dare ne, na mai juyi a kan gado.
Kukuma kuwa ba na taɓa ta sai ƙarya ta kusa tonuwa.
Wani direban Bajoga ya taɓa tare ni a tasha,
ya ce, "Ashe kai ne ɗan tsegumin nan?
Kana tona mugu tun marubuci bai shirya ba."

Amma sarewar, ita ce zancen.
Hammadikko ya busa mana ita, shekara tara ke nan.
Da shanu muka same shi a gefen ruwan Dadin Kowa.
Bai yarda ya shigo gari ba. Mu muka je,
da rikoda da batirin aro.
Ya yi busa ta minti huɗu, ya karɓi goro, ya ƙi kuɗi,
ya ce iska ba tasa ba ce balle ya sayar.

A tsakiyar busar akwai aibi:
wuri guda da ya tsaya ya ja numfashi,
da ɗan tari da ya danne,
da kukan maraƙi can nesa.
Sau nawa na ɗora almakashin kwamfuta a kai
in yanke, in goge, busa ta fita sumul.
Kullum sai wani aiki ya ɗauke ni. Na bar shi.

Bara da damina wata tsohuwa ta zo.
Mai gadi ya hana ta, ta zauna gindin dalbejiya
har na fito sallar la'asar.
Ta ce sunanta Dudu. Ta ce Hammadikko ya cika,
wata bakwai ke nan.
Hausarta ba ta da yawa, wasan ba ta bin sa,
ba ta san wa ya ci amanar wa ba.
Amma duk daren Alhamis sai ta kunna rediyo,
ta kara a kunne, ta jira.
Ba busar ba, in ji ta, busa kowa na yi,
wurin nan da yake jan numfashi.

Ban ce komai ba. Na tuna almakashin.

Daren jiya, a wani sabon wasa,
Talatuwa ta sake cewa, "Ya tafi."
Na ɗago sarewa. Da aka zo wurin
na sauke muryoyi duka, abin da ba a yi.
Mai shirin ya zaro mini ido.
Daƙiƙa biyu cur, daga Nafada har Ɓalanga,
ba a ji komai ba
sai mutum guda a bakin ruwa
yana cika ƙirjinsa.