Cinikin Adum

Wata tara ina tari a gwangwanin madara,
sidi biyar, sidi goma, abin da allura ta rage.
Ran Asabar na ƙirga, dubu huɗu da ɗari biyu,
na cusa a safa, na hau mota daga Aboabo.

Adum ta cika ta batse,
kowane shago da bakinsa, kowane baki da rantsuwarsa.
Oppong ya riƙe min hannu, wai in zo in ga kaya.
Ya buɗe wata siririya, fara sol,
ba nauyi, ba tabo, sai ɗaukar ido.
Na ce ƙwaƙwalwarta nawa? Ya ce huɗu.
Na ce kyan ɗan maciji ke nan,
wannan ko wasiƙa ta rubuta sai ta nemi hutu.

Ni ba ado na zo saya ba.
Mutawakilu ne ya karanto min daga Doha,
ƙanena, mai ɗaukar bulo a rana:
Yaya, kada ta gaza takwas, sha shida in da hali,
ka tambayi katin hoto, shi ne ƙashin bayanta,
ka saurari fanka, ka taɓa ƙasanta ka ji zafi.
Na rubuta a bayan takardar awo,
ƙarƙashin faɗin kafaɗar wani.

A waya ba mu iya hira ba.
Lafiya? Lafiya. Ya aiki? Da godiya.
Sai shiru ya zauna yana cin kuɗin kati.
Amma in mun shiga wasan nan,
shi ke gaba, ni ke tsare masa baya,
yana ihu, Yaya, hagunka, hagunka!
da muryar nan da na sani
tun muna buga ƙwallon roba a bakin kwata.

A shagon intanet na Asawase nake haya,
inji tsoho, mai suma ana tsakiyar artabu.
Kafin ya farfaɗo an kwantar da yaron,
ni ina tsaye a kansa kamar turke.
Yakan yi dariya ya ce ba komai.
Ni ce min aka yi in kula da shi.

Can ƙasan kanta na hango wata baƙa,
mai kauri, kusurwa a fashe,
madanni ɗaya ya fita kamar wawulon yaro.
Oppong ya ce wannan ta sha duniya,
batirinta minti arba'in ne, in ta ga dama.
Na ce kunna.
Fanka ta tashi kamar injin markaɗe,
amma hoto ya gudu sumul, ko tuntuɓe babu.
Na juya hagu, ta juya tare da ni.

Ya ce dubu biyar. Na yi sallama.
Ya bar ni har bakin titi, ya kira ni da Hausarsa mai gishiri.
Na cire takalmi a gabansa, na zazzage safa,
ya kalli kuɗin, ya kalli ƙafata,
ya ɗauki dubu huɗu da ɗari da tamanin,
ya bar min na mota.
Jaka babu. Na naɗe ta a ragowar yadin wani ango.

Bayan isha na ɗora ta kan teburin guga,
na jona ta da waya, sunansa ya yi kore.
Can dare ya raba, bai yi barci ba.
Muna shiga aka ɗauke wuta,
unguwa ta ɗauki salati, janareton maƙwabci ya yi tari.
Allo kaɗai ke haska ɗakin, da almakashi, da fuskata.
Ya ce, Yaya, kana nan?
Na duba batir.
Na ce wuce gaba, ina ganinka.