Lissafin Ƙarshen Damina

Babur ɗin ya girmi Shekari da shekara goma,
su biyun na damƙa wa hanyar Kachia.
Firjin shago na sayar, na sayo fistin a Panteka.
Gwamma ta ce, "Ruwan sanyin fa?"

Awa shida ake zagaye.
A ta huɗu sarƙa ta tsinke a Kujama,
Tanimu ya haɗa ta da filaya da haƙori,
ruwa na dukan ƙeyarsa.

Tsere biyar, biyu muka gama.
Kofi bai san gidanmu ba,
sai ƙunar salansa a ƙwaurin yaro
da bashin mai wajen Barau.

Daren jiya na buga kik a rumfa.
Tsohon ya yi tari, ya yi tari,
sannan ya amsa.