Madubin da Ba Ya Tsoron Ruwa

Na farkon kyauta ce daga wani baƙo,
mai ƙirga tsuntsaye, da na tuƙa kwana tara
daga Baturiya har bakin Guri.
Da zai tafi ya rataya mini shi a wuya,
ya ce, "Ilu, yau idonka ya zama huɗu."
Damina ɗaya ya yi a hannuna.
Ranar da dinya ta tashi a gabana na zabura,
jirgi ya karkata, igiya ta suɓuce,
na tsamo shi da filafili, ya riga ya ƙoshi da ruwa.

Na shanya shi a kan rumfa kamar bandar kifi,
na binne shi kwana uku a buhun shinkafa.
Ina! Gumi ya tare a cikinsa ya ƙi fita,
irin yanar da ta rufe idon kakata
shekarar da ta daina gane kowa.

Ran Lahadi na shiga Haɗejiya
da kuɗin kwando biyu na tarwaɗa a lalita.
Ɗan'azumi mai gilasai ya zaro wani ƙato,
baƙi wuluk, nauyinsa ya kai taɓarya.
"Sau goma sha biyu yake jawo abu, Baba,
daga nan sai ka ƙirga haƙoran mutum a Malam Madori."
Na ce, yaro, kai a ƙasa kake tsaye,
ƙasa kuwa ba ta rawa.

Ni kujerata igiyar ruwa ce.
Madubin da ya jawo zalɓe har hancina
zai jawo kakkarwar hannuna tare da shi,
in ga zalɓe goma, babu ɗaya a tsaye.
Ba ni mai bakwai, mai faɗin gani,
wanda zai haɗa mini tsuntsu da sararin da zai bi,
ya nuna mini inda kacalla ta toshe hanya
tun ban kai can na sha wahalar juyawa.

Kada ya yi santsi, hannuna kullum da yauƙin kifi.
Kada ya yi nauyi, wuyan nan ba na jaki ba ne.

Ya miƙo wani ɗan kore mai rigar roba,
ya rantse har da kabarin ubansa ruwa ba ya shigarsa.
Na ce bar mamaci ya huta, kawo bokiti.
Ya yi turus. 'Yan kallo suka taru,
mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta.
Muka nutsa shi, na zauna na ɓare goro,
na cinye tsaf, na sha hira da mai gyaran rediyo,
sannan na tsamo shi na goge da bakin riga.
Can kan hasumiyar masallaci ga hazbiya tana gyara fiffike,
tar, kamar a tafin hannuna take yin gyarawa.

Na biya ban nemi ragi mai yawa ba.
A gida Kuluwa ta ɗaura masa 'yar gora a igiya,
ko ya faɗa, gorar za ta tsaya a sama tana kirana.

Yanzu da asuba nakan hango jan-baki
tun suna baƙin zare a gefen gabas,
in buga wa masu shinkafa waya su fito da gwangwani.
Da yamma nakan gane jirgin ɗana
tun yana ɗigo a bayan tsibiri,
daga yadda yake nutsewa na san ko an samu.

Jiya jikana Mati ya ɗauka ya juya shi baibai,
ya dube ni daga ƙofar zaure, ya ɓata fuska.
"Kaka, ka ƙanƙance, ka tafi nesa!"
Na ce juyo shi, ɗan nan, ina nan tukuna.
Na miƙa masa filafili ya riƙe,
muka gangara tare bakin ruwa.