Layi Na Uku

Gwanjo mahaifina Reino ya sayo shi,
ranar da wata masana'anta ta rufe a bakin Tafkin Mishigan:
injin sassaƙa ƙarfe, mai nauyin shanu biyu.
Shekara tara yana kusurwar gareji, lulluɓe da tsohon bargo,
don da wuta mai layi uku ya saba,
gidanmu kuwa guda ake ba mu.
Ga doki, babu ciyawa.

Bana, da ƙanƙara ta toshe hanyar gari,
akwatin ya iso a kwali.
Bai kai burodi girma ba.
Baba ya juya shi, ya shinshina, ya taɓe baki:
"Aili, wannan ɗan abin ne zai haifi layi na uku?"
Na ce haka littafin ya ce.
Ya ce littafi bai taɓa ƙona yatsa ba.

Hannunsa yanzu rawa yake,
cokali ma sai da lallashi.
Sai ya zauna a kan bokitin fenti, ya zama baki,
ni na zama hannu.

Na kashe babban makunni, na sa mabuɗin a aljihu.
Na goge allon tagullar da ke jikin moto da yawu da babban yatsa
har lambobin suka fito:
ƙarfin wuta kaza, juyi kaza a minti.
Na buɗe murfi, wayoyi tara suka leƙo
kamar 'yan tsaki a akurki,
lambar ta bakwai ta goge.
"Waccan ce," in ji Baba, "wadda ɓera ya ɗanɗana."

Koriyar waya na fara ɗaurewa, ta ƙasa,
ita ce mai kai fushin wuta inda ba kowa.
Biyu suka shiga ta sama,
uku suka fita ta ƙasa.
Na matse kowane sukuru, na ja, na sake ja.

A kan tsohon makunnin hannu muka yi faɗa.
Shi yana son a bar shi tsakanin akwati da moto, yadda ya san duniya.
Na ce a'a, tsakanin waɗannan biyun ba a shiga,
ka raba su suna aiki, akwatin ne zai mutu.
Ya yi shiru, ya dubi ƙanƙara ta taga.
Na mayar da makunnin kan siraran wayoyin umarni:
ya daina ɗaukar kaya, ya koma ba da izini.
Ban ce ya yi kama da kowa ba.

Na kunna.
Wani siririn kuka ya tashi, irin na sauro,
karenmu ya fice, rediyo ta shaƙe.
Sandar ta motsa, a hankali, a hankali,
sai ga ta tana juyi da baya.

Dariyar da Baba ya yi, rabona da ita tun Mama na da rai.
"Musanya biyu! Kowaɗanne biyu cikin ukun!"
Wannan dai ya riga littafin sani.
Na kashe, na kai hannu, ya daka mini tsawa.
Akwatin na riƙe wuta a ciki ko an zare shi,
kamar toka mai ɓoye garwashi.
Minti biyar muka jira jan ƙwai ya mutu,
muna shan kofi mai sanyi, ba mai magana.

Na musanya baƙa da ja.

Yanzu ga ƙarfe na zubar da ɓawo,
murɗaɗɗe, shuɗi, mai zafi, a kan takalmina.
Baba ya taso, ya dafa kafaɗata,
ya kama ɗan maɓallin gudu da yatsu biyu.
Ya ƙara, ya rage, ya karkata kunne.
Ya tsaya a arba'in da bakwai.
Na duba littafin, babu wannan lambar.